Abin da aji ya koya mini game da talaucin yara

Talauci ba ya shigowa aji da sunansa. Yakan zo ne a matsayin latti, ko gyangyaɗi, ko aikin gida da ba a yi ba, ko yaron da ke sunkuyar da kai duk lokacin da aka jefo tambaya. Malamin da bai gane shi a waɗannan kamanni ba sai ya yi ta hukunta yaro a kan abin da ba shi ya jawo ba. Duk sauran abin da koyarwa ta nuna mini daga nan ya tsiro.

Yawan yaran da abin ya shafa ya wuce yadda ake zato. A 2023 UNICEF da Bankin Duniya sun ƙiyasta cewa yara miliyan 333, wato kusan ɗaya cikin shida, na rayuwa da ƙasa da dala 2.15 a rana, kuma kashi 71 cikin 100 na waɗannan yara suna Afirka kudu da Sahara. Amma kada a ɗauka matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Ingila, a 2020, sai da ɗan ƙwallo Marcus Rashford ya matsa wa gwamnati lamba kafin ta yarda ta ci gaba da tallafin abinci ga yaran talakawa a lokacin hutu.

Yunwa ta fi komai saurin ganewa idan ka saba. Yaron da ya zo bai karya ba yakan bi darasin farko lafiya lau, kafin rana ta take kuwa idonsa na kan allo amma hankalinsa ya tafi. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ba su bar wa malami shi ba. Finland na ciyar da ɗalibanta kyauta tun 1948. A Indiya kotun ƙoli ce ta ba da umarni a 2001 a riƙa dafa wa yaran firamare na gwamnati abincin rana, shirin da yanzu ke ciyar da yara sama da miliyan 100. Albashin malami ba zai ɗauki wannan nauyi ba, kuma masu gwadawa daga aljihunsu, Allah ya saka musu, kafin zango ya ƙare sun gaji. Abin da ke hannun malami shi ne rajista. Shi ya san wanda ke ɓacewa ranar da ake aiki a gida, da wadda ta daina zuwa tun da aka haifi ƙanenta. A Brazil, shirin Bolsa Família da aka fara a 2003 ya ɗaure tallafin da ake ba iyali da halartar yaro makaranta, ka ga alƙalamin mai kiran suna ya zama cikin abin da gida ke dogara da shi.

Kunya ce na fi ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi. Lokacin da Yuganda ta soke kuɗin firamare a 1997, Kenya kuma a 2003, yara sun yi tururuwa zuwa makaranta har azuzuwa suka rasa wurin zama, abin da ya ƙaryata masu cewa talaka ba ya son ilimi. Sai dai ko an soke kuɗin makaranta, na yunifom da littafi da jarrabawa suna nan. Akwai yaron da ke rubuta duk darussa a littafi ɗaya, yana ƙanƙanta rubutunsa har ba ya karantuwa don kada shafuka su ƙare. Idan ka ce masa rubutunsa ƙazami ne a gaban sa'o'insa, gobe ba zai miƙo littafin ba. Haka kiran sunayen waɗanda ba su biya ba a taron safe: bashin na iyaye ne, tozarcin kuma yaro ya sha. Ana iya tura saƙon gida a rufe, ana iya ajiye fensir da takarda a kusurwar aji kowa ya ɗauka ba tare da roƙo ba, ana iya ba da aikin da za a gama kafin a tashi, tunda ba kowane gida ke da fitila da tebur ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da za ta ci kuɗi mai yawa.

Tausayi ma yana da tasa ɓarnar. Da zarar malami ya ce "a ƙyale shi, ka san halin gidansu", ya daina tambayar yaron, ya daina gyara masa, ya yanke masa hukunci ke nan cikin ladabi.

Inda malami ya fi ƙarfi shi ne koyar da karatu. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Yawancinsu suna makaranta, suna zaune a gabanmu. Za ka ga yarinya 'yar aji huɗu ta kwafe allo tsaf, harafi bai kauce ba, ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya ka ce ta karanta, sai ta yi shiru. Ta rasa makonni a aji ɗaya saboda ciwo ko aiki, manhaja ta wuce ta, babu kuma mai karatu a gida da zai cike mata giɓin. Ɗan mai hali idan ya faɗo ana ɗaukar masa malamin gida, ita kuwa sai ta koyi ɓoye rashin sani.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanyar da na ga amfaninta. A gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a ware wanda bai san haruffa ba, da mai haruffa, da mai kalmomi, da mai iya karanta labari, sannan a ba kowane rukuni lokaci kullum a matakinsa, ba tare da duba aji ko shekaru ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, sun daɗe suna gwada ta a makarantun Indiya, Zambiya kuma ta ɗauke ta a makarantun gwamnati. Wahalarta ita ce sai ka ciri lokaci daga manhaja, ga aji cike, ga mai duba makarantu da idan ya zo shafin da aka kai yake tambaya. Nakan nuna masa takardar gwajin, da sunayen da suka tashi daga haruffa zuwa kalmomi tun farkon zango. Wani ya karɓa, wani ya rubuta cewa ina baya da babi biyu.