Yadda muka nemi ra'ayin mutanen Arewacin Kamaru a 1959 da 1961

Ina cikin malaman wayar da kai da aka baza ƙauyukan Mubi lokacin ƙuri'ar raba gardama ta Arewacin Kamaru, ƙasar da Ingila ke riƙe wa Majalisar Ɗinkin Duniya amana. Aikinmu mu kai wa jama'a tambaya, mu taimaka a rajista, mu tsaya a rumfa ranar zaɓe. Ƙasar ziri biyu ce, ɗaya daga Dikwa ya bi ta Gwoza zuwa Mubi, ɗayan daga ƙasar Camba ya hau Gashaka da Mambila. Da yawan mutanenta a kan duwatsu suke, inda mota ba ta zuwa, sai a ƙafa da 'yan alaro ɗauke da akwatuna.

A ranar 7 ga Nuwamba 1959 zaɓi biyu aka ba su: ko su zauna cikin Jihar Arewa idan Najeriya ta samu 'yanci, ko a ɗage maganar zuwa gaba. Maza kaɗai aka yi wa rajista. A Kaduna an ɗauka magana ta ƙare tun kafin a fara, tunda shekara da shekaru ana mulkin ƙasar a haɗe da lardunan Borno, Adamawa da Binuwai. Da aka ƙirga, 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka ce Najeriya.

Wanda ya zauna a dandali ya saurara bai yi mamaki ba. Ka gama karanta tambayar da Hausa, a juya ta da Fulatanci, wani ya juya da Margi ko Higi ko Gude, sai dattijo ya miƙe, ba zai ambaci Najeriya ko Kamaru ba. Haraji zai tambaye ka, da jangali, da kotun alƙali, da ko hakiman da ake turo musu daga Yola za su ci gaba da zama a kansu. Ba a taɓa tambayarsu komai ba kafin ranar, don haka da aka miƙa musu ƙuri'a sai suka amsa abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Jam'iyyar NKDP mai son a haɗe da Kamaru, da sauran masu adawa da NPC mai mulkin Jihar Arewa, sun gane haka, suka gina yaƙin neman ƙuri'arsu a kai. A ganina mafi yawan dubu saba'in ɗin nan ba Kamaru suka zaɓa ba, mulkin En'e suka ƙi.

Wajen wayar da kai, inda ake zama da wanda ke zaune a gefenka sun fi abin da ka faɗa nauyi. Idan taro a ƙofar hakimi aka yi, dogari na tsaye, kowa "to" zai ce maka, ka koma da rahoton da ba shi da amfani. Ranar kasuwa ta fi, ko gindin bishiya nesa da fada. Tafinta kuma kada ya zama yaron hakimi ko ɗan jam'iyya, kuma a samu mutum na biyu mai jin harshen ya zauna yana saurare, don a baki na uku bayani kan rikiɗe ya zama umarni.

Tsarin jefa ƙuri'ar an yi shi ne don wanda bai iya karatu ba. Ana duba sunan mutum a rajista, a ba shi takarda ɗaya, ya shiga bayan shamaki inda akwatuna biyu suke, kowanne da launinsa, ya jefa a wanda yake so. Sauƙi gare shi, amma yana da ɓaraka. Wani zai ɗora takardar a kan akwatin ya fito, don ba a nuna masa ramin ba. Wani zai fito da ita a aljihu ya kai wa wanda ya sa shi. Maganin na farko shi ne a yi gwaji a ƙauye da akwatin gaske tun kafin ranar, mutane su jefa da hannunsu. Na biyu sai jami'i ya riƙa leƙa rumfar tare da wakilan ɓangarori biyu. Babban tsoron jama'a shi ne a san inda ƙauyensu ya jefa, a rama daga baya, kuma sai ka maimaita sau da yawa cewa babu suna a jikin takardar kafin a yarda.

Bayan 1959 aka gyara abin da ƙuri'ar ta tona. An raba mulkin ƙasar da na Jihar Arewa daga 1 ga Oktoba 1960, aka ɗora Sir Percy Wyn-Harris a kanta, aka kafa sabbin En'e a Mubi, Camba, Gwoza, Gashaka-Mambila da United Hills (ƙasar Tigon, Ndoro da Kentu). Majalisar Ɗinkin Duniya ta dage sai mata sun yi zaɓe, a lokacin da matan Jihar Arewa ba su da ƙuri'a. Wannan ya ninka aikin rajista. Ba takardar haihuwa, sai a kimanta shekaru da 'ya'yan da mace ta haifa ko wani abin da kowa ya tuna. Matan kulle kuma sai an bi ta mazajensu da malamai da lallami.

A ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961, a ƙarƙashin idon kwamishina Djalal Abdoh ɗan Iran, aka sake tambaya: Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Babu zaɓin ɗagewa, babu na tsayawa da ƙafar kai, kuma wannan ya ƙuntata wa waɗanda ba su son ko ɗaya. Najeriya ta samu 146,296, Kamaru 97,659. Amma jimilla tana ɓoye abubuwa. A Camba 25,177 suka zaɓi Kamaru, 9,704 kacal Najeriya, alhali a United Hills mutum 157 ne suka zaɓi Kamaru. An ɗauki ƙasar a dunƙule, don haka Camba ta bi rinjayen da ba nata ba.

A 1 ga Yuni 1961 ƙasar ta shiga Najeriya, ta zama Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Gwamnatin Ahidjo, shugaban Kamaru, ta ce ba a raba mulkin da na Najeriya yadda ya kamata ba, ta kai Ingila ƙara kotun duniya, kotun kuma a Disamba 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar.