Mun tsallake gadar Sosnovka mu huɗu a raye

Daren Asabar da ta wuce, bayan wata huɗu ina riƙe da ragamar tawagarmu a PUBG Mobile, wasan harbi na waya inda da'irar da ake iya rayuwa a cikinta take ta ƙanƙancewa har tawaga ɗaya ta rage, mun shiga da'irar ƙarshe a taswirar Erangel mu huɗu a tsaye, kuma mun ci kazar, wato mun zo na ɗaya. Na san a cikinku akwai waɗanda cin kaza ya zame musu ruwan sha a wasannin neman matsayi, amma duk wanda ya taɓa jan mutum uku a ɗakin gasa mai tawaga 16, inda babu ɗan koyo ko ɗaya a cikin mutum 64, zai gane dalilin da ya sa barci ya gagare ni har wajen ƙarfe biyu na dare. Ina rubuta wannan ne tun abin yana da ɗumi, domin wata guda kacal kafin wannan dare na yanke shawarar rushe tawagar.

Ba don na fi kowa hannu aka ba ni jagoranci ba. Na girme su ne kawai, kuma ni ne mai yawan magana. Akwai maharbinmu, wanda bindigar M416 ke zama masa kamar sanda a hannun makiyayi. Akwai direbanmu, ɗalibi a Zariya, mutum mai sanyin hali. Sai ƙaramin cikinmu, ɗan maƙwabcinmu a nan Kano, wanda yake kira na Yaya ko da harsashi na zuba a kansa. Da muka fara, na rubuta tsari a takarda: watan farko mu ƙware a wurin sauka, na biyu mu koyi ƙaura daga da'ira zuwa da'ira, na uku kuma mu gyara faɗa. Wurin saukar bai ba mu wahala ba, mun zaɓi garin Rozhok muka zauna a kai. Sauran matakan kuwa ban san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba, domin matsala guda ce ta cinye su duka.

Matsalar ita ce muna wargajewa a tsakiyar wasa. Farkon wasa lafiya lau, muna hira muna raba harsashi da magani. Amma da zarar an shiga da'ira ta huɗu ko ta biyar, wuri ya ƙuntata, aka kayar da ɗaya daga cikinmu, sai tawagar ta koma mutum huɗu da suka haɗu a tasha. Ɗaya ya ruga ya tayar da wanda ya faɗi ba tare da ya jefa gurnetin hayaƙi ba, alhali tayarwar tana cin daƙiƙa goma da mutum ba zai iya harbi a cikinsu ba. Maharbi ya bi abokan gaba shi kaɗai. Ni kuma ina ihu. Na daɗe ina ɗora laifin a kan maharbin, saboda nasa kuskuren ne ake gani da ido. Shi ne ke mutuwa mita ɗari biyu nesa da mu, don haka shi nake yi wa faɗa kusan kowane dare.

Abin ya kai maƙura a wata ƙaramar gasa da muka shiga a ƙarshen watan jiya. Kuɗin shiga naira 3,000 ne a kan kowane mutum, na biya nawa da na ƙaramin, na ƙara da data da man janareta saboda an ɗauke wuta tun la'asar, kuma ba na son cajin waya ya zama uzuri. Masu gasar sun bi tsarin maki irin na manyan gasanni tun daga 2023, wato maki 10 ga na ɗaya, 6 ga na biyu, 5 ga na uku, har zuwa maki ɗaya ga na bakwai da na takwas, sannan maki ɗaya a kan kowane mutum da aka fitar. A wasa shida mun tashi da maki 9. Ba asarar kuɗin ce ta fi yi mini ciwo ba, ko da yake ta yi ciwo. Wasa na biyar ne ya tsaya mini a rai. Da'ira ta karkata zuwa tsibirin Sosnovka, kuma kun san gada biyu ce kawai ke kai mota can. Na yi jinkiri a garin Pochinki ina neman babbar rigar sulke, sannan na ce mu bi gadar yamma. Muna tsakiyarta a cikin motar Dacia ɗaya aka buɗe mana wuta, motar ta fashe, mu huɗu muka mutu a tare ba tare da mun harba ko harsashi ɗaya ba. Na faɗi maganganu a daren nan waɗanda ba zan maimaita su a nan ba.

Da ma nakan ɗauki bidiyon allon wayata tare da murya, amma abin da nake kallo a ciki shi ne harbina. Washegari na saka abin sauraro a kunne, na kifa wayar, na saurari muryoyin kawai. Ina ba duk mai jagorancin tawaga shawarar ya gwada wannan sau ɗaya, ko da yake ba zai ji daɗi ba. A cikin minti ɗaya da ya gabaci hawanmu gadar, na ƙirga umarni goma sha ɗaya daga bakina, kuma uku daga ciki suna karo da juna: na ce a tsaya a duba, na ce a taka mota, na sake cewa a sauka. Direban ya tambaye ni sau biyu wanne zai bi, ban ji shi ba saboda ina magana. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma nawa ya yi yawa ƙwarai. Abin da ya fi damuna shi ne muryar da ban ji ba sam. A wasa na kusan rabin awa, ƙaramin namu bai faɗi komai ba sai "to" da "na gode".

Na same shi bayan sallar magariba na tambaye shi. Ya daɗe yana sunkuye kafin ya ce, "Yaya, na ga motarsu a gindin gadar tun muna saukowa daga tudu, amma ranar da na ce akwai mutum a bayan bishiya ya zama babu, ka san abin da ka faɗa mini." Ya gyara maganar da sauri saboda rawar baki, amma na riga na gane. Na manta da wancan daren gaba ɗaya, shi kuwa yana riƙe da shi mako bakwai. Bayanin da zai ceci tawagar yana bakinsa, ni ne na rufe bakin da kaina. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na maharbi.

Abu na farko da na gyara shi ne siffar kiran da muke yi, kuma a nan ne na fi ɓata lokaci. Na ɗauka lambar kamfas ɗin da ke saman allo ta wadatar, shi ya sa na tilasta wa kowa ya riƙa faɗin lamba maimakon "ga shi can". Sai dai mun yi kwanaki muna harbin duwatsun da babu kowa a bayansu kafin in gane abin da ya kamata in sani tun farko: lambar tana farawa ne daga inda mai magana yake tsaye. Idan na ce 240 ina kan tudu, shi kuma direba yana mita ɗari daga hagu da ni, to 240 ɗinsa tana nuna wani wuri dabam, kuma bambancin yana ƙaruwa idan abokin gaban yana kusa. Yanzu kiranmu yana da gaɓa uku a jere, lamba, nisa, da alamar da ido zai kama, kamar a ce "ɗari biyu da arba'in, kusa, jan gida, bene". Wanda hannunsa ba ya cikin faɗa sai ya sa alama a taswira. Mun kuma yarda cewa kiran da ya zama kuskure ba laifi ba ne. Wanda ya ga inuwa ya faɗa, idan babu kowa sai in ce "madalla, ci gaba da dubawa", kuma na tilasta wa kaina faɗin haka ko da raina a ɓace yake. A makon farko kalmar tana fita daga bakina kamar ana cire ƙaya.

Na biyu ya fi taɓa girman kai. Na rarraba ikon da nake riƙe da shi. Ni ke yanke lokacin tashi da wurin da za mu nufa, kuma ina faɗa sau ɗaya tare da dalili a taƙaice, domin na lura mutum yana saurin bin umarnin da ya san hikimarsa. Amma da zarar mun shiga mota, hanya ta direba ce, ba na sa masa baki ko da ina ganin akwai ta kusa. Ƙaramin shi ke da agogon da'ira da bayanmu. Maharbin kuma, wanda na yi wata uku ina ƙoƙarin ɗaure shi, na ba shi faɗan kansa: ni ke cewa a yi faɗa ko a wuce, amma idan na ce a yi, daga wannan daƙiƙa muryarsa ce kawai ake ji har a gama, ni ma bin sa nake yi. Ban yi tsammanin abin da ya biyo baya ba. Mutumin da yake barin mu a baya sai ya fara jiran mu, tun da yanzu mu rundunarsa ce, kuma ba ya son ya kai hari da rabin mutanensa.

Sai maganar bita. Na hana tattauna kuskure a daren da aka yi shi, domin mutumin da aka fitar yanzu, ga zafin waya ga jinkirin sabis, ba ya jin gyara, kare kansa kawai yake yi. Muna bari sai washegari, a saƙon murya, kuma ni nake fara faɗin nawa kuskuren kafin kowa. Na kuma rage kwanakin atisaye daga shida zuwa uku a mako, bayan sallar isha'i, saboda direban yana da jarrabawa kuma kunya ta hana shi faɗa mini cewa datarsa ba ta kai wa ƙarshen wata. Wannan ma sai da na tambaya na ji.

Ranar Asabar da'irar farko ta sake haɗawa da tsibirin, rabi ruwa rabi ƙasa, har gabana ya faɗi. Ina da ƙaramar rigar sulke kawai, maharbin ba shi da madubi mai nisa, amma na ce, "Mu tashi yanzu, gada za ta cika, kaya mu samu a can." Na yi shiru. Mun wuce Pochinki a motar UAZ, muna gangarowa sai na ji muryar ƙaramin, da ƙarfi kuwa: "Ɗari da casa'in, nesa, mota a gicciye a bakin gadar yamma." Ban ce komai ba. Direban ya karya kan motar zuwa gabas, ya bi ta wajen garin Mylta, muka haye gadar gabas babu wanda ya taɓa mu. Daga baya mun ga sunayen tawaga biyu suna fita a gefen allo kusan lokaci guda, kuma ina kyautata zaton a gadar da muka ƙi bi ne.

A da'ira ta shida aka kayar da ni a fili. A da, nan ne wasan zai ƙare. Maharbin ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya sa ƙaramin ya jefa hayaƙi biyu, ya ce in rarrafa zuwa bayan dutse, shi da direba suka danne waɗanda suka harbe ni har aka tayar da ni. Ina kwance ina kallon daƙiƙa goman nan suna tafiya, bakina yana ƙaiƙayin in ba da umarni, na dai haƙura. Mun gama da mutum bakwai da muka fitar, maki 17 a wasa ɗaya, kusan ninki biyu na abin da muka tara a wasa shida a watan jiya. Da na saurari muryoyin washegari, ƙaramin ya yi kira ashirin da biyu, huɗu daga ciki babu kowa a wurin, kuma ban damu ba.

Ba komai ne ya gyaru ba. A wasa na gaba a daren, maharbin ya hangi akwatin da jirgi ya jefo, ya manta da duk yarjejeniyarmu ya bi shi, aka fitar da shi, ni kuma na ɗaga murya kafin in tuna da dokar da ni na kafa. Sai da na nemi afuwarsa da safe. Taswirar Miramar ma tana nan tana jiran mu. Girmanta ɗaya da Erangel, kilomita takwas a takwas, amma fili ne da tuddai, da wuya a samu jan gida ko bishiyar da za a kafa kira a kanta, kuma gaɓa ta uku ta kiranmu tana rushewa a can. Direban ya kawo shawarar mu raɗa wa tuddan da muke yawan bi sunayen unguwanninmu, don haka daren Talata za mu shiga ɗaki mu kaɗai, mu zagaya a mota daga garin Pecado zuwa na Los Leones muna raɗa suna. Ƙaramin ya riga ya nemi a ba wa tudu mafi tsawo sunan Dala.