Yadda baitulmali ya karya iyayen ƙasa a Turai

A Turai ta tsakiyar zamani, sarki ba ya biyan mayaƙansa da kuɗi, domin kuɗin ba su yawaita a hannun mutane ba. Ƙasa yake yankawa ya bai wa wani babba daga cikin mutanensa, shi kuma ya yi masa mubaya'a tare da alkawarin kawo barade masu sulke idan yaƙi ya tashi, galibi na kwana 40 a shekara. Manoman da ke zaune a ƙasar suna yi wa ubangidansu aikin tilas, kuma ba su da ikon yin ƙaura sai da izininsa. Da tafiya ta yi nisa, ƙasar ta zama abin gado, har wasu iyayen ƙasa suka fi sarkin Faransa kansa dukiya da dakaru.

A ganina, kuɗi ne suka rusa wannan tsari. Da kasuwanci ya bunƙasa, birane suka cika, sai sarakunan Ingila suka riƙa karɓar kuɗi a madadin hidimar yaƙi, suna ɗaukar sojojin haya da su. A Faransa, Sarki Filib na Biyu ya ƙwace yankin Normandi daga hannun sarkin Ingila a 1204, kuma ya riƙa naɗa wakilai masu albashi waɗanda yake iya tuɓewa duk ranar da ya ga dama. Mu a Bauchi ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin dattawanmu suna ba da labarin lokacin da Turawan mulkin mallaka suka kafa baitulmali, aka sa wa hakimai albashi, aka kuma tura su zama a gundumominsu. Hakimin da ke jiran albashi ba ɗaya yake da wanda ke cin rabonsa kai tsaye daga harajin ƙasarsa ba.

Annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan aiki ya tashi, kuma dokar da aka yi a Ingila a 1351 don daƙile shi ba ta hana manoma guduwa zuwa inda ake biya da kyau ba. A 1381 suka yi bore, suka shiga Landan.

Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa ya ƙarasa aikin. A fagen daga na Kiresi, a ƙasar Faransa, a 1346, maharban Ingila masu dogon baka suka karkashe baraden Faransa, sannan igwa ta zo tana rushe ganuwar dutse da iyayen ƙasa ke fakewa a ciki. Igwa kuwa tsada gare ta, sai mai baitulmali. A 1445 sarkin Faransa, Shal na Bakwai, ya kafa rundunar dindindin da ake biya daga haraji, kuma a 1453 igwoyinsa suka murƙushe sojojin Ingila a garin Kastiyon.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ya ɗauki nauyin wannan runduna. Harajin da ke ciyar da ita a kan manoma da talakawan gari aka ɗora shi, aka yafe wa iyayen ƙasa da malaman coci, kuma haka aka ci gaba da karɓarsa har juyin juya halin Faransa na 1789.