Mai gudu da mai tsaro: wa ke da hanya?

Tun da na fara koyon alƙalancin sofbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda a ruga ana taka tashoshi huɗu bi da bi, ba abin da ya ba ni aiki kamar hukunci tsakanin mai gudu da mai tsaro idan suka haɗu a hanya. Ƙafa 60 ce kacal tsakanin tasha da tasha, kuma a wasan mata, irin wanda ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996, kafin ka ƙifta ido an gama. 'Yan kallo karo suke gani, su hau ihu. Alƙali kuwa tambaya ɗaya ce a gabansa: a wannan lokacin, wa ke da hanya?

Idan an bugi ƙwallo, mai tsaro ta nufe ta za ta ɗauka, hanya tata ce, ko da tana tsaye daidai inda ake bi. Mai gudu ce za ta kauce. In ta hana ta ɗauka, katsalandan ke nan: a tsayar da wasa nan take, a fitar da mai gudu, sauran su koma tashar da suka taka ta ƙarshe. Ba a tambayar ko da gangan ne.

Tare hanya ita ce ta koya mini haƙuri. Mai tsaro ba ƙwallo a hannunta, ba kuma wadda aka buga take ɗauka ba, ta sha gaban mai gudu. Ba sai jiki ya taɓa jiki ba. Ka ga yarinya ta taho da ƙarfinta, sai ta ɗan dakata, ta karkata kafaɗa don ta wuce; to an tare ta. Haka ma wadda ta kai safar hannu wayam kamar za ta taɓa ta da ƙwallo, wannan yaudara ce da kan sa mai gudu ta zube ƙasa a banza, har ta ji ciwo, kuma ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta.

A nan ba ka tsayar da wasa. Ka miƙa hannun hagu gefe, ka faɗi laifin, ka bar su su ci gaba, kana riƙe a ranka da tashar da mai gudu za ta kai da ba a tare ta ba. In aka fitar da ita kafin can, ka tsayar, ka ba ta tashar. In ta zarce ta, kariya ta ƙare. Wannan ƙiyasin tun ana gudu ake yinsa, ido kan inda ƙwallo take da wadda za ta jefo ta, domin in ka jira sai koci ya taso da gardama, abin da ka gani ya riga ya gauraya da abin da ake faɗa maka.