Bar menu ɗin nan, leƙa tukwanen kan kanta

Jama'a duk wanda karatu ko aiki ya kawo shi Ingila, bayan sanyi abin da ke fara damunsa shi ne ina zai samu nama ya ci hankalinsa kwance. To mu da muka sauka Birmingham gaskiya Allah Ya yi mana gata, don a ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen garin Musulmi ne, in ka shiga Alum Rock ko Small Heath ko Sparkbrook shagunan halal ne jere ba iyaka. Amma fa yawan shago ba shi ne cin daɗi ba, na ga 'yan uwa da yawa da suka ci abincin 'yan Pakistan suka ce wai mai ne kawai da jan kala, duk miyar ɗanɗanonta ɗaya, kuma ban ce sun yi ƙarya ba, abin da suka yi oda ne matsalar.

Akwai wani ɗan shago a gefen Stratford Road da nake zuwa, ɗan ƙarami ne sosai, kanta ce da firjin lemo da 'yan kujeru na masu jira, yawanci a roba za a zuba maka a sa a leda ka kama gabanka. A allon ƙofa an rubuta abincin Pakistan da Indiya, amma mai shagon, wani dattijo da kowa ke ce wa Chacha, mutumin Mirpur ne a yankin Kashmir da ke hannun Pakistan. Kuma ba shi kaɗai ba, akasarin 'yan Pakistan ɗin garin nan can ne asalinsu. A shekarun 1960 aka gina madatsar ruwa ta Mangla, ruwa ya cinye tsohon garin Mirpur da ƙauyuka da dama, mutane wajen dubu ɗari suka tashi, lokacin kuma masana'antun Ingila na neman leburori ido rufe, sai da yawansu suka biyo 'yan uwansu da suka riga su zuwa. Shi kuwa Indiya da aka liƙa a allon ba yaudara ba ce, kafin 1947 ai ƙasa ɗaya ce, Punjab ma biyu aka raba ta, Lahore nan Amritsar can tazarar kilomita 50 ko makamancin haka, girki kusan iri ɗaya. Sannan shi Bature duk abin da aka zuba wa kori sunansa abincin Indiya, har gidajen abincin da mutanen Sylhet na Bangladesh ke riƙe da su, waɗanda su ne ma suka fi yawa a ƙasar, haka ake kiran su.

To ga inda maganar take. Menu ɗin da ke manne a bango dogo ne, korma, madras, vindaloo, jalfrezi, tikka masala, kowanne da na kaza da na rago da na kifi, sai ka rasa yadda kicin ɗin da bai fi taku biyar ba zai dafa wannan uban abinci. Sirrin shi ne wata ƙatuwar tukunya guda ta ruwan miya da ake dafawa tun da rana, albasa ce fal da tafarnuwa da citta da tumatir da kurkum, a markaɗe ta ta yi laushi. Kana yin oda sai kuku ya ɗebi ludayi biyu ya zuba a kasko, ya jefa naman da aka riga aka dafa, in madras ka ce ya ƙara barkono, in korma ce ya zuba kirim da kwakwa da sukari, minti biyar an gama. Ba wai ba daɗi ba ne fa, Turawa na mutuwar son sa, a 2001 ma ministan harkokin wajensu Robin Cook ya tsaya a jawabi ya kira chicken tikka masala abincin ƙasa na Birtaniya. Amma Chacha ba ya cin wannan, yaransa na kicin ba sa ci, direbobin tasi da ke cika shagon bayan isha'i su ma ko kallon bangon ba sa yi.

Su kai tsaye kanta suke nufa, inda aka jera wasu tukwane da tire-tire a bayan gilashi, su nuna da yatsa. Abincin ranar kenan, wanda aka ɗora tun safe aka bar shi ya nuna a hankali, kuma in ya ƙare ya ƙare. In kana son irinsa a soya maka sabo sai ka ce apna style, wato irin namu na gida, su haka suke faɗa, nan take za ka ga fuskar mai zubawa ta canza.

Ni abin da ya kama ni shi ne karahi na rago. Nama da ƙashinsa, ba wannan tsokar da aka yanka kamar sabulu ba, an soya shi da tumatir da citta da koren barkono har ruwan ya ƙone mai ya taso sama, miyar kaɗan ce ta manne a jikin naman, a watsa ɗanyar citta da aka yanka siri-siri a kai. Wallahi sai ka tsotse ƙashin. Sai daal, wani ɗan ƙaramin wake da ake dafawa ya narke a ƙarshe a soya tafarnuwa a man shanu a kwara masa a kai yana ƙara, shi ne mafi arha a shagon kuma ranar da aljihu ya yi sanyi shi ke rufa asirin ɗalibi. Akwai kuɓewa da suke soyawa da albasa ba yauƙi ko kaɗan, wannan kam har yanzu zuciyata ba ta gama yarda da ita ba, kuɓewar da ba ta ja me aka yi kenan. Akwai ganye da dankalin turawa, akwai niƙaƙƙen nama da koren wake.

Naan ɗinsu kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gurasa a Jakara zai gane aikin, tanderu ne na ƙasa mai zurfi, a buɗa ƙullun da hannu a manna a jikin bangonsa, kafin ka ƙifta ido ya kumbura ya yi ɗige-ɗigen ƙuna a zaro shi da ƙarfe. Matsalar tekawe kenan, da an naɗe shi a takarda an sa a leda zufa ke kama shi, kafin ka sauka daga bas ya zama roba. Shi ya sa nake yagar rabi tun a bakin kanta ina jiran canji, Chacha ya yi ta dariya. Roti ya fi jure tafiya kuma ya fi arha, da garin alkama marar tacewa ake yinsa.

Haka ma balti da garin nan ke tinƙaho da shi, wanda 'yan Pakistan ɗin Birmingham suka fito da shi a shekarun 1970 a tsakanin Ladypool Road da Stoney Lane da Stratford Road. Ƙa'idarsa a dafa a wani siririn kwanon ƙarfe mai hannu biyu a kan wuta mai ƙarfi a kawo maka shi a cikin kwanon yana tafasa, to in an juye a roba me ya rage? In balti kake so ka je inda za ka zauna.

Batun halal kuma, tunda na san shi za a fara tambaya ta. Rubutun halal a gilashi kowa na iya liƙawa. Masu bin diddigi sitikar HMC suke dubawa, ƙungiya ce da ke tura masu sa ido mayanka da shaguna kuma ba ta karɓar dabbar da aka sumar kafin yanka. Akwai kuma wata ƙungiyar mai suna HFA, ita ta yarda da sumarwa da lantarki in dai dabbar na da rai lokacin da aka sa mata wuƙa, kuma akasarin naman halal na ƙasar nan irin wannan ne. Malamai sun yi magana a kai kowa da wanda yake bi, ni dai ba mufti ba ne, na tambayi Chacha inda yake sayen nama ya nuna min takardar a bango, kuma ba a sayar da giya a shagon, shikenan na ci. Ɗaya sitikar da ya kamata ka duba ita ce koriyar nan ta tsafta mai lamba daga 0 zuwa 5, a Ingila ba dole ba ne a manna ta, saboda haka in ba ka gan ta a ƙofa ba ka duba a intanet kafin ka shiga.

Yaji fa? Kar a tsorata ku. Na su na kayan ƙamshi ne, kanumfari da kirfa da citta da masoro, ba irin zafin attaruhu da muka saba ba, in ka ce a sa maka da zafi sai yaron ya kalle ka ya ce brother ka tabbata, ka ce masa ya zuba kawai. Abin da zan yi musu ƙorafi a kai shi ne mai, wani lokacin sai ka karkata robar ka tsiyaye kafin ka fara ci, kuma biryani ɗinsu na ranakun aiki ba wani abin a zo a gani ba ne, shinkafa ce aka juya da miya. Na Juma'a shi ne na gaske, basmati dogaye a warwatse an turara su tare da naman, a ba ka raita, kindirmo ne da kokwamba, ka zuba a kai.

Asabar da Lahadi da safe ake yin nihari da paya. Nihari naman ƙwauri ne da ɓargo da ake bari a wuta kusan kwana guda har cokali ke yanka shi, romon da kauri don ana ɗaure shi da ɗan gari, a matsa lemon tsami a kai, paya kuma farfesun ƙafa ne mai danƙo. Dattawa ke zuwa da kwanukansu daga gida a cika musu na iyali, kafin azahar an kankare tukunya, don haka in za ka je ka je da wuri, kuma ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu don na'urar katin Chacha rabin lokaci cewa yake ba sabis.