Abin da na ɗauko daga teburin gyaran bas

Ƙarshen watan nan zan bar shagon da na koyi gyaran kayan kiɗa a nan Jos. Masu kawo mana jita daga Bukuru da Rayfield da Tudun Wada da Farin Gada sun san ni a teburin can ƙurya, inda ake jingine bas, wato jitar nan mai kaurin amo. Wasu sun tambaye ni dalili, na ce musu lokaci ne ya yi. Haka ne, amma da sauran magana.

Maganar ta samo asali ne daga wata bas mai tsirkiya biyar. Mai ita dattijo ne da ya daɗe yana kaɗa wa mawaƙan wata majami'a, mutum mai sanyin hali, wanda ko a shago ba ka jin muryarsa sai ka matso. Shekara da shekaru yana tari, har ya sa wani gwanin haɗa jita a Amurka ya ƙera masa ita da hannu, komai bisa zaɓinsa: gangar jiki ta itacen ash, wuya na maple, allon yatsu na wenge, tsawon tsirkiya inci 35 maimakon 34 ɗin da aka saba, don tsirkiyar B ta ƙasa ta tsaya da ƙarfinta kada ta yi lakwaf. Wenge ɗin nan daga dazuzzukan Kamaru da Kwango ake sare shi. Ya tsallaka teku, ya dawo mana da farashin dala, abin yana taɓa ni duk lokacin da na riƙe irinsa.

Bas ɗin ta sauka Legas, ta ɗan zauna a hannun ɗan'uwansa, sannan ta hau mota ta iso Jos a watan Disamba, hunturu na tsakiya. Duk wanda ya yi aikin katako a garin nan ya san abin da hakan ke nufi. Masu ƙera jita suna so kayansu su zauna inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Legas ta wuce haka nesa, mu kuma a nan saman tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, da rana a hunturu danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Itace yana shan ruwa, yana kuma amayar da shi. Da ya bushe sai allon yatsu ya tsuke, firet kuwa, wato ƙarafan da ke gicciye a kan allon, ba sa tsukewa, sai bakinsu ya leƙo ta gefe yana kartar hannu. Wuyan ma ya motsa. Da dattijon ya buɗe akwatin a gabanmu, tsirkiyoyin sun yi sama, wuyan ya ɗan rusuna gaba, idan ka shafa gefensa kana jin kaifin ƙarfe. Ransa ya ɓaci, yana zaton an cuce shi.

Na ce masa, "Baba, ba abin da ya same ta. Sanyin garinmu ne take sabawa da shi. A bar ta cikin akwatinta 'yan kwanaki, sannan mu riƙa taɓa sandar wuyan kaɗan-kaɗan." Sandar ƙarfen da ke cikin wuyan bas ita ke ja da tsirkiyoyi, su suna jan wuyan gaba, ita tana mayar da shi baya. Ba a murɗa ta da ƙarfi. Rubu'in zagaye, a sassauta tsirkiya tukuna, a sake ɗaurewa, a auna, a ba itacen lokaci ya amsa. Ka sa kafo, wato ɗan matsin da ke danne tsirkiyoyi, a firet na farko, ka danne na ƙarshe, ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8: wajen milimita 0.3 ake nema, kaurin ɗan kati ke nan. Wannan shi ne abin da maigidan shagon da kansa ya koya mini a shekarar farko.

Amma dattijon yana da taron Kirsimeti a gabansa, maigida kuma yana son a ce a shagonsa aka saita bas mafi tsada da ta taɓa shigowa unguwar. Ya ce wa mutumin ya dawo gobe da yamma. Ya aike ni kasuwar Terminus sayen batir da dalma. Kafin in dawo ya ɗauko alanki, wato ƙarfen murɗa notin sandar, daga cikin na milimita, wanda ya ɗan yi wa ramin notin ƙaranci, alhali kayan Amurka yawanci da awon inci suke zuwa. Bai sassauta tsirkiya ko ɗaya ba. Na shigo na tarar da shi yana murɗawa da hannu biyu, na ji ƙarar da har yau ba ta bar kunnena ba, alankin ya zame ya juya a banza. Na haska ramin da fitilar waya. Kusurwoyi shida ɗin nan sun cinye, ramin ya zama zagaye sumul, ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli a ciki.

Na ce, "Oga, ai na inci ne." Bai tanka ba.

Washegari dattijon ya zo. A gabana, a gaban yaran shago biyu, maigida ya ce masa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, yaron nan ne ya taɓa ta ba da sanina ba." Ya juyo ya rufe ni da faɗa, wai rawar kaina ta jawo masa asara. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ɗana, ai kai ka ce a bar ta ta huta." Na buɗe baki, na kalli maigida, na tuna a hannunsa nake cin abinci, na tuna mahaifina ne ya kai ni wurinsa ya danƙa masa amanata, sai na yi shiru. Haka aka shafa mini kashin kaji, aka kuma riƙa yanke kuɗin gyaran daga albashina wata bayan wata.

Ni na gyara ta. Allah ya taimaka sandar irin ta da ce, mai noti da ake iya kwancewa, ba irin mai aiki gaba da baya ba wadda notinta ke manne, da sai an ɗaga allon yatsu gaba ɗaya. Na samo alanki da ya ɗan fi ramin girma, na zauna da magagari ina goge bakinsa har ya yi tsini, na tura shi a hankali ya kama. Na sassauta tsirkiyoyi, na danne wuyan baya da katako da matsi don nauyin ya sauka daga kan notin, na kwance shi. Zarensa na inci ne, ba a samu a kasuwarmu ba, sai da wanda ya ƙera ta ya aiko da sabo. Kafin ya iso Kirsimeti ta wuce, dattijon ya yi taronsa da tsohuwar bas ɗinsa. Sauri ya haifi nawa. Da notin ya zo na shafa masa ɗan mai, na ɗaura, na bi wuyan sannu-sannu har ya miƙe. Na rufe allon da tef, na goge bakin kowane firet da ƙaramin magagari har hannu ya daina jin su. Na sauke tsirkiyoyin zuwa kusan milimita 2.4 a firet na 17, awon da kamfanin jita na Fender ke bayarwa, sannan na kira mai ita na ce ya kaɗa in gani. Hannunsa mai laushi ne, da yatsu biyu yake shafa tsirkiya kusa da wuya, don haka na ƙara sauke masa ƙasa da abin da littafi ya ce. Da mai nauyin hannu ne, da ban yi haka ba. Daga ƙarshe na daidaita kowace tsirkiya a firet na 12, ina matsar da sirdinta, wato ɗan ƙarfen da take zaune a kai, gaba ko baya har sautin dannawa ya yi daidai da na tsirkiyar a sake.

Ya kaɗa B ta ƙasa, gilashin tagar shagon ya amsa. Maigida ne ya karɓi godiyar.

Ban ce ban koyi komai a wurinsa ba, Allah ya gani. Kunnensa yana da kyau, shi ya fara nuna mini bambancin amon Precision, wadda Fender ta fitar a 1951, da na Jazz Bass ta 1960: ɗaya ta cika ɗaki da kauri, ɗaya ta fito da haske da ɗan gurnani. Amma abin da na fi koya a shagon, daga wannan ranar na koye shi. Bas da aka ƙera wa mutum ɗaya ba ta da ta biyu a kanti. Idan ka ɓata ta, ba kuɗi kaɗai ka ɓata ba, shekarun da ya yi yana tari ne. Mai gyaran da ba zai iya ce wa mai kaya "ba za ta yiwu gobe ba" bai kamata a miƙa masa irin wannan ba. Wanda kuma ba zai iya cewa "ni ne" ba idan ya yi ɓarna, yaran da ke ƙarƙashinsa su yi hattara.

Sauran abubuwan ba su da zafi haka. Yawancin masu zuwa suna cewa fikof ɗinsu, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai lasifika, ya mutu, tsirkiya ce ta tsufa, ko batir mai bolt 9 ya ƙare saboda sun kwana da wayar a soke. Tsirkiya mai kaushi, irin wadda kamfanin Rotosound ya shahara da ita tun 1966, tana ba da haske amma ƙurar hunturu da zufa suna kashe ta da wuri, a riƙa goge ta bayan kowane kiɗa. Ƙugin da ake ji a majami'u da ɗakunan taro sau da yawa na wutarmu ne mai hertz 50 da janareta da wayoyin da ba su da at, wato ba a haɗa su da ƙasa ba, tef ɗin tagulla a cikin ramin wayoyi yana rage shi, a kan Jazz Bass kuma buɗe fikof biyun daidai wa daida yana kashe shi. Samari suna son murɗa makunnin kaurin amo har ƙarshe. B ta ƙasa tana wajen hertz 31, E tana 41, ƙananan lasifikokin da muke da su ba sa iya fitar da wannan, sai dai su yi ta kakari su cinye muryar mai waƙa da ta babbar ganga. Rage amo wajen hertz 250, ƙara kaɗan wajen 800, sai a ji ka har bencin baya. Kuma bas a Jos sau biyu take son a duba ta a shekara, shigowar hunturu da faɗuwar damina.

Dattijon har yanzu yana kawo ta, kuma tun daga lokacin ba ya yarda kowa ya buɗe akwatin sai ni. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kuɗin da aka yanke mini ba a mayar ba, ban kuma tambaya ba.

Yaron da zai gaji teburina na zaunar da shi makon jiya. Na ware masa alanki na inci da na milimita, na ɗaure kowane rukuni da zare mai launi daban. Na ce masa duk kayan da aka kawo, ya buɗe shi a gaban mai shi, ya ɗauki hoton notin wuya da firet da gefen jiki, ya rubuta a littafi wanda ya taɓa shi da ranar da ya taɓa, ko da maigida ne. Ya tambaye ni ko Oga zai yarda da hakan. Na ce ya rubuta dai, littafin ya riƙa tafiya da shi gida.