Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Rajistar Mai Sauraro

Kamar yadda na faɗa makon jiya, ritaya ta bar ni da lokaci mai yawa da aljihu mara nauyi. Sha'awar karatun tarihi kuwa tana nan daram tun ina saurayi, aikin albashi ne ya raba mu. Da na je sashen karatun manya na jami'a aka miƙo mini takardar kuɗin kwas, sai na ninke ta na miƙe tsaye. An yanka kuɗin ne daidai ma'aikaci mai neman ƙarin girma, wanda sau da yawa wurin aikinsa ke biya masa. Ɗan fansho ba ya cikin lissafin.

Har na kai bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta ce, "Baba, takardar shaida kake nema ko karatun?"

Na ce, "'Yata, wa zan kai wa takarda a shekaruna?"

Sai ta jawo wani fom daga ƙasan durowa. Rajistar mai sauraro ke nan: ka shiga lacca ka zauna, babu jarrabawa, babu maki, babu shaida, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Sharaɗi biyu ne: sai kujera ta rage bayan ɗalibai sun gama rajista, kuma sai malamin ya sa hannu.

Ni dai ban ga asarar da jami'a ke yi ba. An riga an biya malami, fitila a kunne take, laccar za a yi ta ko na zo ko ban zo ba. To me ya sa fom ɗin ke kwance a durowa? Wannan ne ya fi ci mini rai, don tsararrakina da yawa sun juya a ƙofar nan ba su ji labarinsa ba.

Abin kuma ba sabo ba ne. Tun 1973 Farfesa Pierre Vellas ya buɗe wa tsofaffi azuzuwa a jami'ar Tulus ta Faransa. Da tsarin ya isa Birtaniya a 1982 sai ya sauya kama: 'yan ritaya suka riƙa koyar da junansu, tsohon injiniya ya karantar da lissafi yau, gobe ya zauna ɗalibi a ajin waƙa. A Amurka ma jihohi da dama na yafe wa masu shekara 60 ko 65 kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati, muddin akwai gurbi.

Sai dai ragin da aka yi mini bai haɗa da sauran kuɗaɗe ba. Katin laburare da kuɗinsa, littattafai da nasu. Ga rajista ta intanet, da rubutu ƙanana kamar tururuwa, wadda sai da wani yaro ya zauna kusa da ni muka cike ta tare, ina karanto masa yana dannawa.

Malamin kuwa sa'an ɗana na biyu ne. Ya duba fom, ya dube ni, ya ce, "Baba, za ka iya da hayaniyar yaran nan?" Na ce, "Malam, sa hannu kawai." Ya sa yana dariya.

Abin da ya faru da ya fara bayani a kan zamanin da na gani da idona, na kuma ɗaga hannu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.